Ƙaiƙayin gaba ya ƙi jin magani, gwaji ya ce cutar Paget ce: wa ya san ta?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wa ya san cutar da ake kira Paget, irin wadda ke fitowa a wani wuri ba a nono ba? Sunan da ya fito ke nan a sakamakon gwajin Hajiyarmu. Shekarunta 71. Ta daɗe tana fama da ƙaiƙayi a gabanta, gefe guda. Wurin ya yi ja-ja, ga fari-fari a kai, wani lokacin yana tsattsafo da ruwa har ya ɓata mata tufafi. An yi maganin sanyi, an yi na makero, an yi man shafawa kala-kala, sai ya ɗan lafa ya dawo. Daga baya wata likita ta yanki 'yar fata aka kai gwaji. Yanzu an ce za a duba mata hanji da mafitsara da nono, kuma ana maganar tiyata. Shin kansa ce ko ba kansa ba ce? Kuma me ya haɗa ƙaiƙayin fata da hanji? Yayanmu ya ce kar a kuskura a taɓa ta da wuƙa.

Uwar Gida: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Gaskiya Ɗaya: 'Yar uwa, ni ina bayan Yayanku. Wannan sanyi ne ya yi mata yawa ya fito waje, ba wani abu ba. Kuma kowa ya san kansa in dai ƙarfe ya taɓa ta, ta tashi ke nan. Tun yankar farko ma bai kamata ku yarda ba. Tsohuwa mai shekara 71 a kai ta a yanka mata wurin nan? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Nas Mai Aikin Dare: Malam Gaskiya, sanyin da aka yi ta yi wa magani bai tafi ba, har yanzu sanyi ne? Ai wannan maganar ce ke sa mutane su zo mana bayan abu ya yi nisa. Duk ƙaiƙayin da ke ƙasa da cibiya sai a ce sanyi, duk ciwon dubura sai a ce basir. Maman Biyu, ki yi haƙuri ki jira Likita ta shigo, ɓangarenta ne.

Likitar Fata: Wa alaikumus salam. Maman Biyu, sannu da jinya. Ban ga Hajiya ba, ban ga takardar ba, don haka bayani ne na gaba ɗaya, shawarar ƙarshe tana hannun waɗanda suke duba ta.

Eh, kansa ce. Gara in faɗa miki kai tsaye. Amma a mafi yawan mutane irin wadda take zaune ne a saman fata, a ɓawon nan na waje, tana yaɗuwa gefe-gefe a hankali, har shekaru ba ta nutsa ciki ba. Muddin tana saman nan, ba kasafai take kisa ba. Wahalarta ƙaiƙayi da zafi da yawan dawowa bayan an cire. Inda abin yake canzawa shi ne in ta huda ta shiga naman da ke ƙarƙashin fata. Ana auna zurfin a gwaji, kuma in ya wuce milimita 1 ana fara tsoron ta kai ga kaluluwar matse-matsi. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa likitanta ita ce: ta nutsa ko tana sama?

Tana fitowa ne a wuraren da ke da wani nau'in ƙwayoyin gumi na musamman: gaban mace, wanda shi ya fi yawa, wajen kashi 65 cikin ɗari, sai kewayen dubura, sai fatar maraina da azzakari, jefi-jefi hammata. Cutar manya ce, galibi daga shekara 50 zuwa 80. A Turai da Amurka mata sun fi samu, a Japan da Sin da Koriya kuwa maza suka fi yawa.

Maganar hanji kuma, cutar iri biyu ce. Akwai wadda a fatar ta fara, ita ce mafi yawa. Akwai kuma wadda asalinta wata kansa ce a ciki, a ƙarshen hanji ko mafitsara ko bakin mahaifa, ko ƙwayar prostate da ke ƙasan mafitsara ga maza, sai ƙwayoyinta su biyo hanya su ɓullo a fata. Ido ba ya rarrabe su. Shi ya sa ake binciken ciki kafin a taɓa komai, don kar a tsaya gyaran fata alhali tushen yana wani wuri.

Maman Biyu: Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. Jikina ya yi sanyi amma gara da na ji. To nono fa? Nonon Hajiya lafiya lau.

Likitar Fata: Sunan ne ya samo asali daga can. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, James Paget, shi ya fara bayyana irin wannan ciwon a kan nono a 1874, ya lura matan da suke da shi daga baya kansar nono na bayyana musu. A 1889 Radcliffe Crocker ya ga irin ƙwayoyin a fatar maraina da azzakari, daga nan aka san tana fitowa a wasu wurare ban da nono. Bambancinsu babba ne: ta kan nono kusan kullum akwai kansa a ƙarƙashinta, ta ƙasa kuwa mafi yawa babu. Duba nonon yana cikin binciken da ake yi wa mace mai wannan cutar don a tabbatar babu wata kansar a wani wuri. Kuma in kin shiga intanet za ki ci karo da cutar Paget ta ƙashi, wannan daban ce, sunan mutumin kawai suka haɗa.

Gaskiya Ɗaya: Duk na ji tarihi. Amma ba a amsa min ba. Mutum nawa muka gani suna yawo da ƙafarsu, ana yi musu aiki sai labari ya canza?

Ɗan Ɗakin Gwaji: Malam, bari ni in amsa, don irin waɗannan 'yan fatun hannunmu suke zuwa. Abin da ake yanka bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. A yi allurar kashe zafi, a murza wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, a ɗauke, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, shi ke nan. Wannan ba ya watsa kansa. Waɗanda kake gani sun rasu bayan aiki, akasari sun zo ne bayan cutar ta riga ta bazu, aikin bai same ta da wuri ba.

Mu kuma sai mu daskarar da fatar cikin kakin farafin na gwaji, mu yanka ta siriri ƙwarai, mu rina, a ɗora a madubin likita. Ƙwayoyin Paget ba sa ɓuya: manya ne, cikinsu fari-fari, idonsu babba, suna zaune ɗai-ɗai ko gungu-gungu a tsakanin ƙwayoyin fata na asali, wasu suna hawa sama. Amma akwai wasu kansar fata biyu da ke iya kama da su, melanoma ta sama-sama da cutar Bowen, don haka ake ƙara wani rini na musamman. Rinin da ake kira CK7 yakan kama ƙwayoyin Paget. In kuma rinin CK20 da na CDX2 suka kama, sai hankali ya koma kan hanji. Maman Biyu, ki duba takardar ko an rubuta waɗannan haruffan, in ba a yi ba ki tambaya ko za a yi.

Nas Mai Aikin Dare: Kuma duk wannan ba zai yiwu ba sai mutum ya yarda an duba shi. Kunya ce babbar matsalar. Dattijuwa za ta zo ta ce "jikina ne ke ƙaiƙayi", ka ce ina, ta ce ko'ina. Sai kin kore kowa daga ɗakin kin lallaɓa ta kafin ta nuna. Ran wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Kawu Mai Ritaya: Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a wannan zauren ban taɓa magana ba, yau dai dole. Ni mai wannan cutar ne, a fatar maraina ta kama ni har ta taɓo matse-matsi.

'Yata Nas, ki yi haƙuri, ban yarda kunya ce kaɗai ba. Ni ban ɓoye ba. Na je na faɗa da bakina, ba wuri ɗaya ba. Abin da ke faruwa, kana cewa ƙaiƙayi a matse-matsi, kafin ka rufe baki an rubuta maka man makero. Ba wanda ya ce cire wando mu gani. Ka koma ka ce bai yi ba, a canza maka wani mai, a ƙara da cewa ka riƙa shanya wurin. Ni da na haifi wanda ke rubuta takardar ana koya min tsafta. Ranar da aka samu wanda ya sa safar hannu ya kunna fitila ya duba, bai yi minti biyu ba ya ce wannan sai an yanka an gwada. To kunyar wa ta jawo jinkirin, tawa ko tasu?

Nas Mai Aikin Dare: Allah ya ƙara girma Kawu. Wannan ma yana faruwa, ba musu. Layi ya yi tsawo, ɗaki babu labule, sai a yi ta rubutu da ka. Amma wallahi na ɓangaren marasa lafiya ma ba kaɗan ba ne.

Likitar Fata: Ni a nan na fi karkata ga Kawu. Mara lafiya in ya ji kunya, uzurinsa a fili yake. Ma'aikacin da ya rubuta magani karo na biyu da na uku bai kalli wurin ba, ba shi da uzuri. A rubuce yake cewa masu wannan cutar sukan kai kimanin shekara biyu kafin a gano ta, har a ƙasashen da ke da isassun likitoci, saboda tana kama da makero, da ƙyasbi, da ƙaiƙayin sabulu ko turare. Ƙa'idar da muke koyar da ɗalibai mai sauƙi ce: tabo a al'aura ko dubura, musamman ga wanda ya haura 50, an yi masa maganin da ya dace na sati 4 zuwa 6 bai tafi ba, a yanka a gwada.

Wani abin da ke ƙara rufe ta shi ne man shafawa mai sitiroyid, musamman irin wanda aka haɗa magani uku a bututu ɗaya. Yana kwantar da ƙaiƙayi da ja, mutum ya ɗauka ya samu sauƙi, ita kuwa tana nan tana faɗaɗa. Sannan hotunan littattafai yawanci na farar fata ne, jajir da ɗigon fari. A baƙar fata tana iya zama duhu fiye da kewayenta, ko ta kwaile ta yi haske, sai wanda ya saba da hoton littafi ya wuce ta.

Maman Biyu: Kawu, don girman Allah yaya aikin yake? Shi ne abin da ke hana mu barci.

Kawu Mai Ritaya: 'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba, ba wasa ba ne. Kafin aikin sun ɗiɗɗibi fata a kewayen tabon, wurare da dama da ni a idona lafiyayyu ne, wasu kuma suka fito da cutar. Likitan ya ce min kamar danshi ne a bango, inda ya jiƙe ya fi inda ido ke gani faɗi. Don haka abin da aka cire ya fi abin da na zata. Aka ɗebo fata daga cinyata aka rufe. An sa min robar fitsari don kar wurin ya jiƙe. Abin mamaki, cinyar da aka ɗebo fatar ta fi wurin aikin zafi. Zama sai a karkace, tafiya sai a buɗe ƙafa. Amma daren da na fara kwana ban farka ina susa ba, na san an yi abin kirki. Wanda bai yi wannan ƙaiƙayin ba ba zai gane ba, har jini nake fitarwa da farce cikin barci.

Bayan 'yan shekaru ta ɗan dawo a bakin tabon, ƙarama. Wannan karon ba a yanka ba, mai aka ba ni, imiquimod. Yanzu ina da ɗan madubi na hannu a banɗaki, lokaci-lokaci ina dubawa, kuma ba na fashin ranar asibiti.

Gaskiya Ɗaya: To kun ji! An yanka ta dawo, mai ya yi magani. Me ya hana a fara da man tun farko a bar tsohuwa da mutuncinta? Kawu da bakinsa ya kashe maganar.

Kawu Mai Ritaya: Ɗana, kar ka sa min magana a baki. Man ya yi aiki ne a kan ɗan abin da ya rage. Kuma kar ka ɗauka man daɗi ne. Wurin ya kumbura ya yi ɗanye kamar an ƙona, ga zazzaɓi da ciwon jiki, har sai da aka ce in huta in ci gaba.

Likitar Fata: Tambayar Malam Gaskiya ta wannan karon tana da ma'ana, kuma likitoci ma suna tattauna ta. Gaskiya ne cutar tana yawan dawowa. Bayan yanka irin na yau da kullum kusan mutum ɗaya cikin uku takan dawo masa, a wasu rahotannin ma fiye, saboda dalilin da Kawu ya faɗa: iyakarta ba ta ganuwa. Akwai hanyar da ake kira aikin Mohs, daga sunan Frederic Mohs, likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930. Ana yanka kaɗan, a duba gefunan a madubi nan take, in akwai saura a ƙara yanka ta wannan ɓangaren kawai, har a kai ga fata mai tsabta. Dawowar ta fi ƙaranci da ita, kuma ana tsira da lafiyayyar fata, sai dai tana cin lokaci kuma ba kowace cibiya ke da masu yin ta ba.

Imiquimod kuma yana tayar da garkuwar jiki ne ta yaƙi ƙwayoyin, shi ya sa wurin ke ɗanyewa. Ana shafawa wasu ranaku a sati, na tsawon makonni ko watanni. Wasu sun warke sarai, wasu ta ragu, wasu bai yi musu komai ba. Sharaɗinsa, cutar tana sama ba ta nutsa ba, kuma an tabbatar babu kansa a ciki. Ga dattijuwar da ke da ciwon zuciya ko wani abin da zai sa tiyata ta yi mata nauyi, ko wadda cirewar za ta taɓa mafitar fitsari ko dubura, zaɓi ne na gaske, haka ma gashi da na'ura. Amma in ta nutsa, shafa mai a sama ɓata lokaci ne, cirewa ake yi, a duba kaluluwa. In ta bazu sai a koma ga magungunan kansa, kuma ana gwada ƙwayoyin ko suna ɗauke da wani sinadari da ake kira HER2, don akwai maganin da ke auna wannan kai tsaye, irin wanda ake ba wasu masu kansar nono.

Shekara 71 ita kaɗai ba ta hana aiki. Ƙarfin jikinta da sakamakon binciken su za su faɗa. Kuma ita Hajiyar a tambaye ta. Sau da yawa 'ya'ya ne ke zama su yanke, mai jikin tana gefe ba ta san sunan ciwonta ba.

Uwar Gida: Likita, nan kam ban bi ki ba. A ce wa tsohuwa kansa? Ai fargabar ce za ta kwantar da ita kafin ciwon.

Likitar Fata: Anti, wadda za a duba mata hanji da na'ura, a kai ta ɗakin tiyata, a ce ta riƙa dawowa asibiti shekara da shekaru, kina ganin ba za ta gane ba? Za ta gane, kuma za ta ɗauka abin ya fi haka muni tunda ana ɓoye mata. Ana iya faɗa da hikima: ciwo ne a saman fata, yana da magani, yana son a sa masa ido. Kuma ita ce za ta fara jin in ƙaiƙayin ya dawo, in ba ta san muhimmancinsa ba za ta yi shiru.

Uwar Gida: Hmm. Ni dai kowa ya san halin tsohuwarsa.

Mai Sauraro: Don Allah ana ɗauka? Matar da ke wanke wa mara lafiya, ko miji da mata?

Nas Mai Aikin Dare: Ba a ɗauka ko kaɗan. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba ta saduwa ba ce, ba rashin tsafta ba ce. A daina ware wa mutum bokiti, a daina yi wa dattijo kallon zargi.

Admin: Tunatarwa: kar kowa ya turo hoton al'aura a zauren nan, nasa ko na mara lafiyarsa, ko da neman taimako ne. Na goge guda yanzu. Mai buƙata ya je a duba shi ido da ido.

Baƙon Zaure: Afuwan Admin, ni ne. Tsoro ne ya kama ni. Shekarata 58, ina da ƙaiƙayin dubura ya daɗe, an ce basir ne. Wani lokacin ina ganin jini a takarda. Likita, ita ce?

Likitar Fata: Yaya, mafi yawan ƙaiƙayin dubura ba ita ba ce. Cuta ce da ba a cika gani ba, likita na iya yin shekaru bai haɗu da ko ɗaya ba. Basir, tsagewar dubura, danshi, yawan gogewa da sabulu, tsutsar ciki, da ƙaiƙayin da ciwon suga ke jawowa, duk sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Ga mata ma akwai wata cutar fata mai sa gaba ya yi fari ya yi siriri bayan ɗaukewar al'ada, wadda ta fi Paget yawa kuma tana jin magani.

Amma kai ka je, kuma kar ka ja lokaci, saboda dalili biyu. Jini daga dubura a shekara 58 yana buƙatar bincike ko da babu wani tabo, basir ba ya hana wani abu zama a sama da shi. Sannan Paget ta kewayen dubura ita ce ta fi kowacce yawan zuwa tare da kansar hanji, don haka ba a wasa da tabon wurin. In ka shiga, ka faɗi tsawon lokacin da ka ɗauka, ka tafi da duk bututun man da ka shafa, ka ce kana so a duba da ido kuma a sa yatsa. In akwai tabo mai iyaka a fili wanda bai ji magani ba, ka tambaya ko za a ɗauki fata a gwada. In an ce a leƙa hanji da na'ura, ka yarda. A auna maka suga a wannan zuwan.